Ranar da Na Ɗauki Dodo

Har yau in na ga 'ya'yan wana sun dunƙule a kan waya suna wasan faɗa, ɗaya ya zaɓi wani ƙato da ke share mutum goma da taɓi ɗaya, sauran suna ihu wai ya iya, sai raina ya ɓaci. Ya iya me? Yatsa ɗaya ya ɗora a wuri ɗaya yana dannawa, ko akuya aka ɗaura wa wayar a kofato za ta yi hakan. Matata takan ce in bar yara su yi wasansu, mutum da furfura ta fara leƙo masa a gemu yana faɗa da hoto. Tana da gaskiya. Sai dai ita ba ta zauna a zauren gidanmu na Matamaye ba a shekarar da gero ya ƙi.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya fara fid da kai. Muka yi ta kallon gabas har wuya ya gaji. Abin da muka ɗaure a gonarmu ta hanyar Tsauni, jaki ɗaya ya kwaso shi bai ko yi nishi ba. Maza ba su jira ƙarshen kaka ba suka fara cika motocin tasha, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Legas. Cin ranin da aka saba tafiya bayan an cika rumbu, sai ga shi an tafi rumbu na buɗe da baki. Ana tsakiyar rani kuma wata rana rediyo ya bar labarai ya koma kiɗan soja, aka ce an yi juyin mulki a Yamai. Tsofaffi suka ce Allah ya sa alheri ne, suka rage murya. Daga nan ko a majalisar shayi, in mai takalmin soja ya gifta, sai hira ta koma kan zafin rana.

Ni ban tafi ba. Idanun Baba sun riga sun mutu, kuma dole namiji ɗaya ya zauna da gida. Wana ne ya tafi, yana gyaran rediyo da tele a wata kasuwa a Kano. Wata ranar kasuwa direban mota ya sauke mana kwali daga gare shi. Inna ta sa aka shigo da shi har tsakar gida, ta kawo wuƙa da kanta, don duk mun ɗauka shinkafa ce ko garin rogo. Muka buɗe, sai ga wani baƙin akwati, da faifai ɗaya, da abin riƙewa guda biyu masu madannai da doguwar igiya, waɗanda daga baya muka koyi kiran su manet. Inna ta juya akwatin, ta duba ƙasansa, ta dube ni.

"Wannan a wace tukunya ake dafa shi?"

Na ji haushin wana ranar nan, ba kaɗan ba. Amma direban ya ce saƙonsa shi ne a ajiye abin a zaure a haɗa da tsohuwar telen gida, samari za su taru, ba za a rasa na cefane ba. Haka kuwa aka yi. Na rataye gwangwani a bakin ƙofa, mai abu ya jefa, marar abu ya shigo ya zauna. Daga azahar zuwa magariba, in dai akwai wuta, zauren nan cike yake da waɗanda aka bari a gari: mai jinyar uwa, wanda ba shi da abin hawa mota, wanda ya je ya dawo hannu sake. Mu sha uku ko sha huɗu, kullum fuskokin nan dai.

Wasan na faɗa ne tsakanin mutum biyu. Kowa ya zaɓi gwaninsa daga jerin hotuna, a saman tele akwai layi biyu da muke kira jini, wanda jininsa ya ƙare ya faɗi. Wanda ya ci zagaye biyu shi ya ci. Benci ɗaya ne a gaban telen, mazaunin mutum biyu, sauran jama'a a tabarma suna bin layi. Ba wanda ya rubuta mana doka, amma muna da uku. Mai ci ya zauna, wanda aka kayar ya miƙa manet ga na gaba. Mai ci ba ya sauya gwani har sai an tashe shi. Ta ukun kuwa, ba a ɗaukar Dodo.

Dodo sunan da muka sa wa wani gwani ne da ke can kusurwar ƙasa ta jerin hotunan. An ce asali sai mutum ya gama wasan kaf yake bayyana, to yaran Kano sun riga sun buɗe shi kafin akwatin ya iso mana. Ƙato ne mai ƙirjin ƙarfe, kansa na kusan taɓa layin jini. Duka ɗaya gare shi da ake yi da madanni ɗaya, ya tsallako daga wancan gefe ya kwashe maka rabin jini. Ka kare kanka, ya fasa kariyar. Ka samu ka yakushe shi, jininsa ya riƙa komawa da kansa kana kallo. Wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan abu, ban san me aka yi masa yana yaro ba.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai daɗi. Makon farko kowa ya taɓa shi, har ni. Ka ɗauki mutumin da ya yi wata huɗu yana noma ya tashi da kara, wanda ko kajin gida sun daina jin tsawarsa don ba shi da tsabar watsa musu, ka ba shi madanni ɗaya da in ya danna ƙato zai tashi sama ya faɗo. Wallahi sai ka ji ƙirjinka ya buɗe. A shekarar da ba abin da ke bin umarninka, ga abu ɗaya yana bi. Amma daɗin na yini ɗaya ne. Wanda ke gefenka riƙon manet kawai yake yi, da shi da babu duk ɗaya. Ba wanda ke koyon komai. Mafi muni, in an tashi ba abin yin gardama a kai, mu kuwa gardamar nan ita ce rabin abin da ya tara mu. Telan unguwarmu ne ya fara magana.

"Jama'a, in kokawa za a yi, a yi da mutane. Wannan a bar shi a kusurwarsa."

Aka yi dariya, aka yarda, aka bar shi.

Telan nan abokina ne tun muna makarantar allo, tare aka yi mana kaciya. Shekarar ta fi cin sa a kan kowa. Ba mai ɗinka riga da yunwa a ciki, kekensa ya yi wata biyu a rufe da zane. Matarsa da jaririyarsu ya mayar da su Dungu wajen iyayenta, don can akwai ɗan lambu, kuma na san abin da kai su ɗin ya yi masa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ya ƙi tafiya cin rani. Yana cewa in ya ƙetare iyaka, Dungu ta yi masa nisa. Abin da ke tashe shi da safe ya wanke fuska ya fito cikin mutane, bencin nan ne, kuma duk zauren mun sani.

Gwaninsa wani ramammen ɗan mutum ne da ba wanda ke so, ba makami, ba tsawo, jininsa kamar an ɗiga. Muka sa masa Ɗan Yunwa. Tela ya zauna da shi kamar yadda yake zama da wuyan riga. Ba ya gaggawa. Ya tsaya, ya kare, ya bari ka kawo duka, kana miƙa hannu ya shige ƙarƙashinka ya nannaɗe ka da ƙasa. Yakan yi la'asar guda ba a tashe shi ba. In ya ci kuwa ba ya ihu, sai ya goge manet da hannun rigarsa, ya dubi tabarma ya ce, "Wa ke da awo?" kamar mai jiran a kawo ɗinki. A bencin nan kaɗai nake ganin haƙoransa. Ni kuwa, mai akwati, mai zaure, mai tele, ban taɓa kayar da shi ba ko sau ɗaya. Ina dariya tare da kowa, amma abin yana ci na.

Sai ga baƙo. Wata azahar ya yi sallama, dogo, da wandon soja mai dabbare-dabbare da baƙin takalmi har ƙwauri. An ce yana tuƙa ɗaya daga cikin sababbin manyan da aka turo gari bayan juyin mulki. Hira ta mutu nan take. Wanda ke kan layi ya ce, "Bismilla, Shef," ya ba shi wurinsa, don haka ake kiran duk mai kaki a wajenmu. Ya zauna kusa da tela, ya bi jerin hotuna da ido, ya gangara kusurwar ƙasa, ya ɗauki Dodo.

Maza sha huɗu a zauren nan, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne abin da har gobe ke tafasa mini jini. Mu da muke iya yin awa guda muna gardama a kan wa ya fara taɓa wa, muka sunkuyar da kai kamar an kama mu da satar kaza. Na ɗaya baƙo ne, ba a tarbar baƙo da doka. Na biyu ga wando, ga takalmi. Ni da ya kamata in yi magana, tunda zaurenmu ne, na buɗe baki na ce, "Sannu da zuwa, Shef." Iyakar jarumtakata ke nan.

Kafin a ƙifta ido Ɗan Yunwa na ƙasa, zagaye biyu. Tela ya goge manet, ya miƙa, ya koma ƙarshen tabarma. Dokarmu ta mai ci ya zauna, wadda muka yi don a girmama gwani, ta juyo ta hau kanmu. Baƙo ya zauna har magariba. Kashegari ya dawo, muka sake ba shi benci. Shi kansa ba wani daɗi yake ji ba, ina kallonsa: yatsa ɗaya a madanni, ɗaya hannun yana cin gyaɗa, har hamma yake yi. Samari suka fara zamewa. Wanda layi ya zo kansa sai ya tuna an aike shi.

Tela kaɗai bai fasa ba. Layi ya zo, ya zauna, ya ɗauki Ɗan Yunwa, a kayar da shi, ya koma baya. Amma ba ya kallon ƙasa kamar mu, tele yake kallo, leɓɓansa na motsi. Rana ta uku muna alwalar la'asar na ja shi gefe.

"Kai, don Allah ka ɗauki Dodon kai ma, ka tashe mana mutumin nan. Ko da ido rufe ka fi shi."

"In na ɗauka, me ya rage?"

"Zaure ya rage! Ba ka ga mutane na gudu ba?"

"Ka ba ni kwana biyu," in ji shi. "Ba abin da aka ɗinka da ba shi da bakin zare. Na kusa gani."

Na yi tsaki. Ina ganin taurin kai ne kawai irin nasa, wanda ya hana shi hawa mota kamar kowa.

Rana ta huɗu ban ba shi kwana biyun ba. Layi ya zo kaina, tela na bayana. Na zauna, na gangara kusurwar ƙasa na ɗauki Dodo. Dodo biyu suka tsaya a tele, ɗaya baƙi ɗaya ja. Ba wata gwaninta a ciki, wanda ya riga danna madanni shi ke ci, ni kuwa na fi baƙon jin haushi, don haka na fi shi sauri. Ya faɗi zagaye na farko, ya faɗi na biyu. Zaure ya ɓarke da ihu, har Inna ta aiko a tambaya ko lafiya. Wani ya ɗaga hannuna sama kamar na ci takobin gasar kokawa ta ƙasa.

Baƙon ya tashi yana dariya, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. Cikin murna bakin wani ya kuɓuce ya ce, "Ai Shef, da ma a nan ba a ɗaukar wannan." Mutumin ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a ɗauka? To me ya hana ku faɗa mini? Wallahi ni na ga shi ya fi girma ne kawai. Ni ma ya ishe ni." Ya dubi wandonsa, ya ga inda idanunmu suke. "Kai, ku bar ce mini Shef. Shofer ne ni, direba kawai. Wannan a gwanjo na saya a Damagaram."

Kwana huɗu! Kwana huɗu muna rawar jiki a gaban wandon gwanjo. Magana ɗaya da ko yaro zai iya faɗa, ita ce ta gagari maza sha huɗu. Aka yi ta dariya, har da masu riƙe ciki, baƙon ya zauna a tabarma cikinmu ya miƙa ƙafa.

Ni kuwa ina kan benci, da Dodo a hannu. Mai ci ba ya sauya gwani. Na gaba a layi tela ne.

A nan ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kuma na nema, shekara da shekaru na nema. Ba baƙo, ba wando, ba tsoro. Abin da ya kamata sananne ne: in ajiye manet in ce aiki ya ƙare, a mayar da Dodo kusurwarsa. Tela ma ya ba ni dama. Ya zauna a hankali, ya ɗauki Ɗan Yunwa, bai danna fara wasa ba, ya juyo ya dube ni yana jira. Amma ihun nan na cikin kunnena har yanzu, hannuna da aka ɗaga bai gama sauka ba. Wata murya a cikina ta ce, sau ɗaya dai, ka ji yadda ake ji. Na kau da kai na ce, "Doka ce, mai ci ba ya sauyawa." Ni na danna.

Zagaye na farko bai ɗauki komai ba. A na biyu ya daɗe, yana ja da baya, yana karewa, har sau ɗaya ya shigo ƙarƙashina ya taɓa ni, na ga jinina ya ragu. Tsoro ya kama ni, na yi ta dannawa kamar mai kashe kunama. Ɗan Yunwa ya tashi sama ya faɗo. Na ci. Kuma kada in ɓoye, na ji daɗi, daɗi sosai, na tsawon numfashi uku ko huɗu. Sai na lura ba wanda ya yi ihu.

Tela ya goge manet da hannun rigarsa, ya miƙa wa na gaba. Bai koma ƙarshen tabarma ba. Ya sa takalmansa a bakin ƙofa ya ce, "Sai an jima, jama'a."

Na gaban ya zauna, ya dube ni, ya gangara kusurwar ƙasa. Me zan ce masa? Mai zaure ya ɗauka. Daga ranar kowa Dodo, baƙi da ja, ja da baƙi, yatsa ɗaya, ba gardama, ba dariya. Gwanaye wajen ashirin a jerin nan suka zama ado. Kafin mako biyu zauren ya koma wurin kwanan awaki da rana. Tela bai sake leƙowa ba. Na je shagonsa sau biyu, muka gaisa, ya tambayi jikin Baba, na tambayi mutanen Dungu, maganar ta tsaya a nan.

Ranar kasuwa ta biyu aka ce mini an gan shi a tasha. Na tarar ya kwance kan kekensa daga ƙafafunsa, ya naɗe shi da bargo, yana jiran a ɗaure a saman mota mai zuwa Kano. Na kama masa muka ɗaga. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Na tsaya ina neman bakin magana, na ce masa ai wasa ne, in don abin nan ne ya yi haƙuri, ya dawo a gyara doka.

"Ba fushi nake ba," in ji shi. "Da ma zama ne ba dalili, na samu abin fakewa." Ya ja igiya ya ƙulla. "Baƙo zan iya bin layi kwana goma in koya a kansa. Kai ne ba zan iya ba."

Yaran mota na kiran fasinja, ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya juyo.

"Na gan shi fa, bakin zaren. A zagaye na biyu da kai. In Dodo ya yi babban dukan nan, yana tsayawa ya ja numfashi kafin ya ɗago. Kada ka kare, ka ja baya taki ɗaya, yana sauka ka shige. Ka faɗa wa duk mai so."

Ya leƙa Dungu sau ɗaya da damina, ya kwashi iyalinsa. Yanzu shagonsa na Kano, yara uku na ɗinki a ƙarƙashinsa. Mukan gaisa da Salla.

Ranar da motar ta tashi na koma gida da azahar, akwai wuta. Na kore awaki daga zaure, na kunna tele, na ɗauki Ɗan Yunwa, na sa akwatin ya riƙe Dodo. An kayar da ni sau tara ko goma kafin hannuna ya yarda ya daina karewa. Sannan na ja baya taki ɗaya. Dodo ya sauka, ya tsaya, ƙirjin ƙarfen nan ya ɗaga ya sauka, daidai yadda tela ya faɗa. Na shige. Na sake, na sake, har ƙaton ya zube ya cika telen. Na juya da baki buɗe zan ce kun gani, sai tabarma kawai, da ɗaya manet ɗin a kan benci, igiyarsa a naɗe.